BINDIGA A SHAGON GIYA: DOKAR DA TA TSARE ƘOFA TA BAR TAGA

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan wata muna so mu leƙa ƙasar Amurka, mu dubi wata muhawara da 'yan majalisu da alƙalan ƙasar suka shafe shekara da shekaru suna yi ba su gama ba. Muhawarar kuwa ita ce, shin doka za ta bar mutum ya shiga wurin da ake sayar da giya yana ɗauke da bindiga, ko kuwa za ta tsayar da shi a bakin ƙofa? Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar mashaya. To, ruwanmu a ciki shi ne, a nan ne mutanen da suka halatta wa kansu giya suka zauna da alƙalami da takarda suka rubuta da hannunsu cewa mai shan ta ba abin amincewa ba ne da makami. Wannan shaida ce mai nauyi, kuma ya kamata mu san yadda aka ba da ita, da inda ta tsaya.

Tsarin mulkin Amurka ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami tun gyaran fuska na biyu da aka yi masa a 1791. Ita kuma giya, bayan an haramta ta a faɗin ƙasar daga 1920, an janye haramcin a 1933, aka bar wa kowace jiha ikon tsara cinikinta. Saboda haka babu doka guda da ta game ƙasar a kan wannan mas'ala. Jiha 50, kowace da tata, har ma matafiyi yakan ƙetare iyakar jiha ya tarar abin da yake halas gare shi da safe ya zama laifin ɗauri da yamma.

ALLON 51

Bari mu fara da jihar Teksas, domin dokarta ta fi fito da abin da muke nufi. A 1995 Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba masu lasisi damar yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafinsu. Abin da ya ingiza dokar shi ne kisan gillar da aka yi a wani gidan abinci a garin Killeen a 1991, inda mutum ɗaya ya harbe mutum 23. Amma duk da zafin wannan lamari, 'yan majalisar ba su yarda a shiga ko'ina da bindiga ba. Sun keɓe wasu wurare, cikinsu har da duk gidan da kashi 51 cikin 100 na kuɗin da yake samu, ko fiye da haka, yana fitowa ne daga giyar da ake sha nan take a cikinsa. Irin wannan gida wajibi ne ya kafa allo a ƙofarsa cikin Turanci da Sifaniyanci, da lamba 51 rubuce da ja, tsawonta bai gaza inci 5 ba. Wanda ya ƙetare allon da bindiga ya aikata babban laifi, da ɗaurin shekara 2 zuwa 10, da tarar da za ta iya kai dala 10,000.

Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Gidan da giya ke kawo masa kashi 51, bindiga haramun ce a cikinsa. Gidan da ke maƙwabtaka da shi, wanda ya ɗan fi sayar da nama da dankali har giyarsa ta tsaya a kashi 49, ba ya cikin wannan hani. Kwalbar ɗaya ce, mayen ɗaya ne, kunamar bindigar ma ɗaya ce. Abin da ya raba halas da haram shi ne littafin akawun mai gidan. Mu dai ba mu taɓa jin cewa giya tana duba lissafin ciniki kafin ta hau kan mutum ba.

Sa'an nan ga abin da ya fi wannan. Allon 51 bai shafi shagon da ake sayen kwalba a tafi da ita gida ba, wato kantin barasa, da babban kantin kayan masarufi, da ɗan shagon gidan mai. A da, irin waɗannan shaguna suna da wani allo shuɗi mai gargaɗin cewa shiga da makami ba tare da lasisi ba babban laifi ne. Daga 1 ga Satumba 2021, lokacin da jihar ta yarda a ɗauki ƙaramar bindiga ko babu lasisi, sai wannan allo ya faɗi. Abin da ya rage shi ne mai shago ya kafa nasa allon hani in ya ga dama, da kuma dokar da ta hana ɗaukar bindiga a bainar jama'a alhali ana cikin maye.

ABIN DA YA FARU A TENESI

Wasu jihohin kuwa hanyar sassauci suka bi. Arizona a 2009, Birjiniya a 2010, Ohayo a 2011, duk sun buɗe wa mai lasisi ƙofar gidajen da ake shan giya, bisa sharaɗin kada shi ya sha. Jojiya ta biyo baya da tata dokar mai faɗi a 2014. Amma labarin jihar Tenesi ya fi cancantar a tsaya a kansa.

A 2009 majalisar jihar ta zartar da doka mai ba da damar shiga gidan abincin da ke sayar da giya da bindiga. Gwamna Phil Bredesen ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tsallake shi da rinjaye. A watan Nuwamba na shekarar wata alƙaliya a birnin Nashville ta soke dokar, a kan cewa ba ta fito fili ba, domin mai bindiga ba shi da hanyar sanin ko inda ya shiga gidan abinci ne a idon doka ko kuwa gidan giya. Maimakon wannan ya sa su sake tunani, sai suka dawo a 2010 da dokar da ta haɗe duka biyun, gwamna ya sake ƙi, suka sake tsallake shi. Hujjarsu ita ce masu lasisi mutane ne natsattsu masu bin doka, waɗanda ba za su haɗa kofi da kunama ba.

A watan Oktoba 2011 'yan sanda suka tsayar da wata mota da dare a Nashville. Direban ya kasa cin gwajin da ake yi wa wanda ake zargi da maye, kuma aka sami libarba cike da harsashi a gefen kujerarsa. Direban nan shi ne Curry Todd, ɗan majalisar da ya jagoranci kawo wannan doka. A 2013 ya amsa laifin tuƙi cikin maye da riƙe bindiga cikin maye. Ba mun kawo wannan don dariya ba ne, kuma laifin mutum ɗaya ba ya zama hukunci a kan dubbai. Abin lura shi ne, dokar gaba ɗayanta an gina ta ne a kan alkawarin da mutum zai yi wa kansa cewa ba zai sha ba, alhali bindigar a ɓoye take, mai zuba giyar bai san wa ke ɗauke da ita ba. Wato an ɗora tsaron jama'a a kan kamun kan mutum, a wurin da aka buɗe musamman don sayar da abin da ke warware kamun kai.

Adalci ne mu faɗi hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. A watan Afrilu 2009, a Nashville ɗin nan, wani mutum ya harbe wani magidanci a gaban matarsa cikin gidan abincin da ake sayar da giya. Matar tana da lasisi, amma ta bar bindigarta a mota saboda bin doka. Suka ce, ga shi nan, allo bai hana mai kisa ba, mai gaskiya kawai ya kwance wa ɗamara. Suna kuma kawo harin da aka kai wani gidan rawa a birnin Orlando a 2016, inda aka kashe mutum 49 a jihar da ta hana shiga mashaya da bindiga. Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma babu mai imani da zai raina hawayen matar nan.

Sai dai amsarmu ita ce, ba don ɗan fashi ko ɗan ta'adda aka kafa allon ba. Wanda ya fito da niyyar kisa, allo ba ya tsayar da shi, kamar yadda kwaɗo ba ya tsayar da ɓarawon da ya zo da guduma, amma ba a daina kulle ɗaki saboda haka ba. An kafa allon ne domin mutumin da ya fito gida ba shi da niyyar kashe kowa, ya sha kofi uku, aka taka masa ƙafa ko aka kalli matarsa, magana ta yi tsami. Idan babu makami a jikinsa, abin zai ƙare da kumburin fuska, gobe a yi sulhu. Idan akwai, sai gawa da kurkuku. A ranar 17 ga Mayu 2015, a harabar wani gidan abinci da giya a birnin Wako na Teksas, taron ƙungiyoyin masu babura ya rikiɗe zuwa harbe-harbe tsakaninsu da kuma 'yan sanda, mutum 9 suka mutu, aka kama fiye da 170.

Kakanninsu ma sun san haka. Garin Tombstone, wanda finafinan kaboyi suka sa ya shahara, yana da doka a 1881 mai tilasta wa baƙo ya ajiye makaminsa idan ya shigo gari. Yankin Oklahoma kuwa a 1890 ya hana ɗaukar makami zuwa duk wurin da ake sayar da abin sa maye, ba tare da tambayar ko a nan ake sha ko tafiya ake yi da shi ba. Waɗannan tsofaffin dokoki sun sake samun daraja bayan hukuncin da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a watan Yuni 2022 a shari'ar Bruen, inda ta ce duk wata ƙa'idar bindiga sai ta dace da abin da aka saba a tarihin ƙasar. Jihar Niyok ta yi sabuwar doka a wannan shekara, ta sanya wuraren shan giya cikin inda aka hana bindiga, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar wannan hani a tsaye a 2023. Abin mamaki, lauyoyi na tonon takardun ƙarni na 19 don su tabbatar wa alƙali abin da kowace tsohuwa ta sani.

SHAGON DA AKA MANTA

Yanzu mu zo kan gundarin magana. Yawancin waɗannan dokoki sun zuba ido a kan gidan da ake zama a sha, sun kau da kai daga shagon da ake saye a tafi. Tunaninsu shi ne mai saye a shago bai riga ya bugu ba, saboda haka babu haɗari. Amma binciken da Charles Branas da abokan aikinsa suka yi a birnin Filadelfiya, wanda aka buga a 2009, ya nuna akasin haka. Sun gano cewa kasancewar mutum a unguwar da shagunan saye-a-tafi suka yi yawa tana ninka haɗarin a harbe shi sau biyu, kuma idan shi kansa ya sha da yawa a irin wannan unguwa, haɗarin yana ninkuwa fiye da sau tara. Yawan gidajen zama a sha kuwa bai nuna irin wannan ƙari ba a binciken.

Dalilin ba boyayye ba ne. Gidan giya, duk da sharrinsa, yana da mai gadi a ƙofa, da mai zuba giya da zai iya cewa ya isa haka, da lokacin tashi. Shago ba shi da ko ɗaya daga ciki. Yana miƙa kwalba ya karɓi kuɗi, abin da ya biyo baya kuma sai a bakin titi, ko cikin mota, ko a tsakar gida inda mace da 'ya'ya suke, inda kuma bindiga take cikin aljihun tebur. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma 26,328 daga cikinsu, wato fiye da rabi, kansu suka kashe. Babu allon da ke rataye a ƙofar ɗakin kwanan mutum. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta kuma ƙiyasta cewa a shekarun 2020 da 2021 shan giya fiye da kima yana kashe kimanin mutum 178,000 a shekara, wato ninki uku da wani abu na waɗanda bindiga ke kashewa. Ana ta kai-kawo a kotuna a kan ƙaramin makashin, babban kuwa yana kan kanta da farashi manne a jikinsa.

Haka nan dokar tarayya ta 1968 ta haramta mallakar bindiga ga mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, amma ba ta sanya giya a cikin lissafin ba. Bilhasali ma hukuma guda ce aka ɗora wa lura da giya da taba da bindiga, sunayen ukun suna jere a cikin sunanta.

Mu a wurinmu wannan haɗi ba sabon labari ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito abin da ya faru bayan yaƙin Badar, kafin a saukar da haramcin giya. Sayyidina Ali (RA) ya ɗaure raƙumansa mata guda biyu, waɗanda yake shirin neman guzurin walimar aurensa da Nana Faɗima (RA) da su. Sayyidina Hamza (RA) yana wani gida kusa ana sha, sai ya fito da takobi ya yanke tozayensu ya farke cikinsu. Da Manzon Allah (SAW) ya je ya ga halin da yake ciki, sai ya juya ya fita. Babu zargi a kan Hamza, domin a lokacin ba a haramta ba, kuma ya yi shahada a Uhudu. Amma idan giya ta iya yin haka da Zakin Allah, wane ne mai lasisin da za a ce shi ya fi ƙarfinta? Muslim ya kuma ruwaito yadda aka fasa wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) hanci a wani zaman sha, kuma aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta ambaci ƙiyayya da gaba a matsayin abin da Shaiɗan ke nema ta hanyar giya da caca.

Ta fuskar makami ma Shari'a ba ta yi shiru ba. An umurci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu don kada ya ji wa wani, an kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Wannan fa ga mai cikakken hankali ke nan. Malaman usulu suna kiran irin wannan toshe kafar ɓarna, kuma mazhabar Imamu Malik ta shahara da riƙo da shi. Saboda haka allon 51, duk da raunin da muka nuna, yana kan hanya, kuma da za a tambaye mu za mu ce a faɗaɗa shi ya game duk inda ake sayarwa, kamar yadda Oklahoma ta yi a 1890. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito a kan mutum goma da aka la'anta saboda giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai sayarwa da mai saye da mai ɗauka da mai cin kuɗinta. Shagon da dokar Teksas ta tsallake yana cikin wannan lissafi tun farko.

Kada kuma wani ya yi gaggawar cewa ai sai a hana giyar da doka a huta. Amurka ta gwada daga 1920 zuwa 1933, cinikin ya koma hannun 'yan daba masu manyan bindigogi, har aka jera mutum 7 aka harbe a wani gareji a Shikago a watan Fabrairu 1929, kuma irin wannan ta'asa tana cikin abin da ya haifar da dokar bindiga ta tarayya ta 1934. A Madina haramcin ya zo ne daki-daki, daga Baƙara aya ta 219, zuwa Nisa'i aya ta 43, zuwa Ma'ida, a kan zukatan da aka riga aka yi shekaru ana tarbiyyarsu. Doka tana da aikinta, wa'azi da makaranta suna da nasu, kuma ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya.

A nan gida Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta bi wata hanya dabam da ta Amurka: mutumin take dubawa, ba wurin ba. Cikin waɗanda ta hana a ba lasisi akwai wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka sani da shaye-shaye. A takarda wannan ya fi allon 51 hikima. Amma bindigogi sun yawaita a hannun farar hula a Arewa maso Yamma saboda ta'addancin 'yan bindigar daji. A watan Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu, Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024, ban da 'yan banga da 'yan sa-kai na ƙauyuka. Mu kuma abin mayenmu ba lallai sai a gidan giya ake samunsa ba. Yana cikin kemis, yana cikin tiren mai talla a tasha, tiramol ne da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018.

Abin da muke nema ga gwamnatocin jihohi da sarakuna da shugabannin 'yan sa-kai shi ne, kada a miƙa wa kowa bindiga da sunan tsaron gari sai an gwada shi gwajin ƙwaya a asibiti, a kuma riƙa maimaita gwajin ba tare da sanarwa ba. Wanda aka kama da makami yana cikin maye, ko aka gan shi da shi a inda ake sayar da kayan maye ba bisa aiki ba, a karɓe makamin nan take a cire shi daga rundunar. Limamai da masu unguwanni da ake nema su tsaya wa matasa shaida kafin a ɗauke su, su sani wannan tambaya tana cikin abin da suke sa hannu a kansa.